Yadin ɓad-da-kama a kwamfuta: saƙa ce ke ba shi rai

Karon farko da na zauna zan haɗa hoton yadin ɓad-da-kama, wato irin kakin soja mai dabbare-dabbare, na ɗauka aikin duka yana cikin zanen tabban ne. Na shafe sa'o'i ina zana su ɗaya bayan ɗaya, amma da na kammala sai abin ya fito kamar fentin da aka shafa wa leda. Daga baya na fahimci cewa tabban su ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma abin da ke sa ido ya yarda yadi yake gani shi ne saƙar da ke ƙarƙashin rinin.

Ina farawa da fili mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) 2048 tsawo da faɗi, domin a wannan girman zane mai kama da gajimare da manhajar gyaran hoto ta Photoshop ke samarwa yana haɗuwa gefe da gefe ba tare da tsagi ba idan an jera hoton, ita kuwa manhajar GIMP tana da zaɓi na musamman don hakan. Manhajar tana jera hoto shimfiɗa kan shimfiɗa, sai in cika shimfiɗar ƙasa da launi mafi haske, in buɗe sabuwa a kanta in zuba gajimare, in ɗan dusashe shi, sannan in bi da shi ta ma'aunin da ke mayar da kowane ɗigo fari ko baƙi. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 255, kuma matsar da shi kaɗan ya isa ya kumbura tabban ko ya tsuke su. Idan na goge farin na rina saura, launi ɗaya ya samu ke nan. Kowane launi da nasa sabon gajimaren, don kada tabban su hau kan juna daidai wa daida.

Wanda nake koyi da shi shi ne zanen daji da sojojin Amurka suka fara sawa a 1981, mai launi huɗu: ruwan yashi, kore, ruwan ƙasa da baƙi. Duk wanda ya ƙura masa ido zai ga baƙin bai yi yawa ba, sirara ne masu rassa, kuma tabban sun fi miƙewa a kwance, saboda haka nakan ja kowace shimfiɗa ta gefe kafin in rina ta. Wannan miƙewar tana ɓata haɗuwar gefuna, don haka sai in gusar da hoton fiksel 1024 ta kowane ɓangare, tsagin ya dawo tsakiya in gyara shi da hannu. Mai son zanen ƙananan murabba'ai, irin wanda Kanada ta fara da shi kuma sojojin kundunbalar ruwan Amurka suka ɗauka a 2002, ya farfasa gajimaren zuwa murabba'ai kafin ya raba fari da baƙi.

Launi kuwa, a ganina nan ne mutane da yawa ke kuskure. Rini a kan auduga ba ya ƙyalli kamar hasken allo, saboda haka nakan rage kaifin kowane launi sosai, baƙin ma in mayar da shi toka mai duhu.

Saƙa ita ce inda nake daɗewa. Nakan zana ɗan ƙaramin fili mai fiksel 8 a 8, da layukan haske da inuwa a karkace kamar yadda zaren kwance ke tsallake zaren tsaye a yadi mai kauri, in maimaita shi ya rufe hoton duka, in haɗa shi da launukan ta hanyar da ke ƙara musu duhu kawai, da ƙarfin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Yawancin kakin zamani kuma yana da zare mai kauri da ake sakawa duk bayan milimita 5 zuwa 8 don kada yagewa ta yi nisa, shi ne ƙananan gidajen da ake gani a jikinsa. Idan na ƙaddara hotona santimita 50 ne, fiksel 32 ya kusa milimita 8, kuma yana raba 2048 gida 64 ba ragowa, don haka gidajen ba sa karyewa a gefe. Bayan wannan sai matakin da na fi ƙauna, wato in sa saƙar ta ture bakin kowane tabo da fiksel 2 ko 3, yadda iyakar kore da ruwan ƙasa za ta riƙa bin zare tana ɗan tsattsagewa. Nan take leda ke komawa yadi.

Lanƙwasa nakan zana ta da buroshi mai laushi a shimfiɗa dabam, duhu a kwari, haske a tudu, in ƙara koɗewa kaɗan a kan tudun tunda nan ne wanki da gogayya suka fi ci. Kafin in adana aikin nakan jera shi uku a uku, in cire launi gaba ɗaya, in ƙanƙanta shi. Idan akwai tabo ɗaya da ya fi saura ɗaukar ido, zai bayyana sau tara a jere, sai in koma shimfiɗarsa in raba shi biyu.