Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jirgi marar ciki

Assalamu alaikum. Makon jiya mun rabu a ranar da na dawo Argungu bayan shekara biyar a Turkiyya, da akwati biyu da wata doguwar jaka baƙa wadda sai da aka kwantar da kujerar mota kafin ta shiga. Da yawanku sun tambayi abin da ke cikinta. Yau zan buɗe ta, kamar yadda na buɗe ta a zauren gidanmu kwana uku da dawowata, a gaban Kawu.

Kawu wan mahaifiyata ne, Basarke gaba da baya, ya haura shekara 70 amma har gobe shi ke tuƙa jirginsa. Akwai wani abu tsakanina da shi da ban taɓa kawowa a wannan tarihi ba. Ina ɗan shekara 9 jirgi ya kife da mu a gulbi lokacin da ruwa ya kawo. Shi ya tsamo ni. Tun daga ranar ban sake sa ƙafa cikin jirgi ba. Ya lallaɓa, ya yi faɗa, ya gaji ya bari. A dangin da yaro ke koyon iyo kafin ya iya wanke allonsa, ni ne mai tsayawa a gaɓa riƙe da takalman 'yan'uwa. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Da na zare dogon allon zamiya a kan ƙanƙara daga jaka, Kawu ya karɓa ya jinjina, ya auna shi da tsawonsa, sannan ya bi gefensa da babban yatsa.

"Wanga ƙarhe wasa shi anka yi," in ji shi. "Mi aka yankewa da shi, ɗana?"

Na ce, "Ƙanƙara, Kawu. Hawa ake yi a gangaro daga kan dutse."

Ya kifa shi, ya shafa cikinsa mai santsi. "To ai jirgi ne. Jirgi marar ciki."

Bari in koma baya ku ji yadda na same shi. Erzurum gari ne a gabashin Turkiyya, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900. Sanyinsa ba irin hunturunmu ba ne, akwai daren da ma'auni ke wuce 20 ƙasa da sifili. Dutsen Palandoken na tsaye kudu da gari, ƙololuwarsa ta haura mita 3,000, kuma tun da aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a can a 2011 wurin ya samu gyara sosai. Daga cikin gari zuwa gindin dutsen tafiyar mintoci ce. Abokan karatu suka ja ni a hunturuna na farko. Na yi hayar allo irin na kowa, mai faɗi, da takalmi mai laushi. Cikin shekara biyu na iya saukowa ba faɗuwa, amma yadda akasarin mutane ke yi: ka murɗa jiki, wutsiyar allo ta share ƙanƙara gefe guda, ka sake murɗawa ta share ɗaya gefen. In ka waiga, sawunka kamar an bi wurin da tsintsiya.

Wata safiya ina kan kujerun nan da waya ke ja zuwa sama, na leƙa ƙasa. Da dare motoci masu sarƙa kan daddale ƙanƙarar su bar ta da ƙananan kunyoyi a jere, kamar gonar da aka gama shiryawa. A kan wannan shimfiɗa sai na ga layi guda, siriri, mai zurfi, ya lanƙwasa daga wannan gefen hanya zuwa wancan ya dawo, babu inda ya katse, babu inda ya baje. Na bi shi da ido har na ga mai yin sa. Dattijo ne, farin gemunsa ya leƙo ƙarƙashin hular kwano. In ya shiga kwana sai ya kwanta har ƙugunsa ya kusa shafar ƙasa, ya tashi, ya kwanta ta ɗaya gefen. Ba ƙara, ba ƙurar ƙanƙara. Ban taɓa ganin mutum yana gudu haka cikin natsuwa haka ba.

Na jira shi a ƙasa. Kowa Hoja yake ce masa, wato malam, ni ma haka na kira shi har na bar ƙasar. Ya dubi takalmina ya ce abin da na gani ana iya fara shi da kayana, amma in ina son shi har ƙarshe sai na sauya kaya.

A nan Kawu ya tsayar da ni. Shi ba labarin dattijo ya dame shi ba, so yake ya san yadda katako marar matuƙi ke juyawa. Na aza allon a ƙasa na nuna masa. Ƙugu gare shi kamar kalangu, kai da wutsiya sun fi tsakiya faɗi. In yana kwance daidai, miƙewa zai yi. In ka karkata shi kan gefe ɗaya, kai da wutsiya kaɗai ke taɓa ƙasa, tsakiya na rataye. Da ka sakar masa nauyinka sai tsakiyar ta lotsa har ta taɓa, allon ya zama baka, ƙarfen gefe ya nutse cikin ƙanƙara ya bi siffar bakan. Inda kai ya shiga nan wutsiya za ta bi, shi ya sa sawun ke zama layi guda. Kai ba ka juya komai ba, karkatawa kawai ka yi. Kowane allo da lambarsa: in an ci gaba da zana lanƙwasar ƙugun har ta zama da'ira, mita nawa ne daga cibiyarta zuwa baki. Nawa wajen mita 11 ne. In ka karkata shi digiri 60, da'irar kan tsuke zuwa kusan rabi. Iya kwanciyarka, iya tsukewar kwana.

Kayan sun sha mini kai kafin su zauna. Allon tsoho ne, ƙirar kamfanin F2 na Jamus, tsawonsa santimita 168, ƙugunsa bai kai 20 ba, alhali na gama-gari kan kai 25. Wani cikin abokan Hoja ya sayar mini, na biya sau uku daga kuɗin da nake tarawa na fassara wa 'yan kasuwa. Masu gasa kan hau irin su Kessler na Suwizalan, masu shafin ƙarfe a ciki da ke shanye girgiza, amma Hoja ya ce ko kyauta aka ba ni kada in karɓa, dokin sukuwa ba na mai koyon kilisa ba ne. Takalmi ne ya ba ni wuya. Ƙoƙon roba ne mai tauri har ƙauri, da maɗaurai na ƙarfe, ana maƙala shi gaba da baya a kan farantin da ke ɗaure da allo. Da tsawon ƙafa a santimita ake auna shi. Tawa 27 ce, wani mai shago ya sayar mini da mai 28 da rabi, wai don in samu wurin safa biyu. Mako uku diddigena na ɗagawa a ciki, in na karkata sai allon ya makara kafin ya amsa. Hoja ya zare rufin ciki, ya sa na zura ƙafa cikin ƙoƙon tsura har yatsuna suka taɓa gaba, ya tura hannu bayan diddigena. Yatsa uku suka shige. Ya ce bai kamata ya wuce ɗaya zuwa biyu ba. Na sayar da shi a kan asara na nemi wani.

Sai tsayuwa. A allon gama-gari ƙafafu na gicciye, mutum na tafiya a kaikaice. A wannan siririn in ka gicciye su, yatsu da diddige za su leƙo waje, ranar da ka kwanta sosai takalmi ya taɓa ƙanƙara ya ɗaga ƙarfen, ka tafi. Don haka ake karkata su gaba. Nawa digiri 55 ƙafar gaba, 50 ta baya, ƙirji na fuskantar inda za ka.

Darasin farko ya yi kama da wasan yara. A wuri mai ɗan gangare, in miƙe, in karkata kaɗan, in tsaya cak, in bar allon ya lanƙwasa da kansa har ya fuskanci sama ya tsaya. Sannan Hoja ya sa in taka in koma in duba sawuna. In layi ne siriri ya ɗaga kai. In ya baje ko da taki ɗaya ne, a sake. Ya ce ƙanƙara ba ta yi wa kowa kara. Ta gefen yatsu na samu da wuri. Ta gefen diddige kuwa na yi wata guda ina turo baya waje kamar mai shirin tsuguno, allon na karkarwa yana ƙwacewa.

Sannan na yi kuskuren da kusan duk mai koyo ke yi. Na ga su Hoja na shafar ƙasa da safar hannu, sai na riƙa miƙa hannu ina neman ta. In ka miƙa hannu kafaɗa za ta bi, nauyi ya bar kan ƙarfen. Ranar wata Asabar allon ya sulluɓe a tsakiyar kwana, na daki ƙasa da kafaɗar dama. Sati uku ko rigar sanyi sai an taya ni sawa. A kwancen nan tsohon tsoron gulbi ya dawo mini sabo. Na gane abu guda ne: duk lokacin da abin da ke ƙarƙashina ya karkata, jikina sandarewa yake, idona ya faɗa ƙasa, hannuna ya fita neman abin kamawa.

Da na koma, Hoja bai yi dogon bayani ba. "Ɗana," ya ce, don haka yake kirana da harshensu, "hannu ba ya riƙe kowa a nan. Gwiwa da ƙugu su shiga ciki, kafaɗu su tsaya daidai kamar kana ɗauke da tiren shayi. Ka dubi bakin hanya can inda za ka." Ya sa na riƙe sanda a gicciye da hannu biyu ina saukowa, kada ta karkata. A sauka ta huɗu ko ta biyar na ji abin. Na shiga da nauyi a ƙafar gaba, ƙarfen ya kama, wani ƙarfi ya danne ni cikin allon har cinyoyina suka ɗau zafi, nauyin ya zarce ƙafar baya, allon ya saki kamar baka ya wurga ni cikin kwana ta gaba. Ƙasa ta zo dab da fuskata ban neme ta ba. Da na tsaya na waiga, layi guda ne tun daga sama. Na zauna a wurin na yi hamdala, hawaye na daskarewa a kumatuna.

Masu irin wannan hawa ba su da yawa ko'ina, shi ya sa ba sa wuce juna. Da ƙarar takalmi a kan daɓen katako ake gane su. Mu bakwai ne zuwa takwas, daga ciki akwai Hoja, wata malamar makaranta Baturkiya, wani likita da ke zuwa daga Tabriz ta Iran, wasu miji da mata 'yan Rasha, da ni da suke kira ɗan Najeriya. Mu ne farkon layi in an buɗe da safe, don kafin azahar jama'a sun tattake shimfiɗar. Daga nan sai shayi irin na Erzurum, a sa ƙwayar sukari mai tauri a baki a riƙa kurɓa a kanta. A teburin ake musayar kusoshi da magagarin wasa ƙarfe, a can na koyi narka kakin ƙasan allo da dutsen guga. Ni da Hoja da likitan mukan kwance takalman mu yi azahar a ɗan masallacin wurin. Malamar ce ta koya mini dokar da ta fi kowace: mu muna ratsa hanya daga gefe zuwa gefe, sauran jama'a na zubowa miƙe, don haka kafin ka fara, da duk lokacin da za ka ratsa, ɗaga kai ka dubi sama. Ta taɓa karya haƙarƙari a irin wannan karo.

A Fabrairun 2018 muka taru gaban talabijin muka ga Ester Ledecka 'yar ƙasar Cek ta ci zinare a gasar Olamfik ta hunturu a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, a tseren allo irin namu, mako guda bayan ta ci wani a tseren masu sandunan zamiya biyu da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Hoja, wanda ya fara hawa tun kafin wasan ya shiga Olamfik a Nagano ta Japan a 1998, ya tashi tsaye yana tafi shi kaɗai.

Duk wannan Kawu na ji, allon na kan cinyarsa. Da na kai aya sai ya ce in sa takalman in hau ya gani. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na maƙala ƙafafuna, na tsaya yadda aka koya mini. Ya zagaya ni sau biyu. Ya tura ni a kafaɗa, gwiwoyina suka karɓa. Ya tura ta ɗaya gefen, ban motsa ba.

"Ina idonka?"

"Ƙofar zaure, Kawu."

"Ba ƙasa ba?"

"A'a."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Haka aka tsayuwa cikin jirgi. Ƙahwa guda gaba, gwiwa sake, ido ga gaɓa. Shekara nawa ina hwaɗa maka? Sai da ka tahi bayan duniya wani tsoho ya hwaɗa maka kaj ji." Muryarsa na rawa da ya faɗe shi. Ya ce in na samu hanya in isar da gaisuwarsa ga malamin nan, in ce masa wani Basarke ya gode.

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Gobe in an sallame asuba ka iske ni bakin gulbi. Kada ka zo da takalmi."

Inna na tsakar gida tana jin mu, na ji turmi ya tsaya. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da asuba hazo ya rufe gari, na fita da ƙafa, na hango shi tsaye a gindin jirgi da gwangwala biyu a hannu. Abin da ya faru da na taka katakon, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.