Yadda Na Gane Bindigar da Kakanmu Ya Bari

Bayan rasuwar baffana a Garwa, mun tarar da wata tsohuwar bindiga naɗe cikin tabarma a bayan adakarsa, wadda dattawa suka ce ta kakanmu ce tun zamanin da ya yi soja ƙarƙashin Faransawa. Wasu suka dage cewa ta Jamusawa ce, tunda sun mulki Kamaru har 1916, amma ban gamsu ba.

Na goge tsatsar gefen hagu da tsumma da kananzir, a hankali rubutu ya fito: MAS Mle 1936. Haruffan suna nufin masana'antar makamai ta birnin Saint-Étienne da ke Faransa, shekarar kuwa ita ce wadda sojojinsu suka karɓi wannan samfurin. Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne hannun ƙarfen da ake ja a ɗora harsashi, domin ya lanƙwasa ne zuwa gaba, saɓanin na bindigar Mauser ta Jamus. A ƙarƙashin bakinta kuma akwai wani bututu da ake ɓoye tsinken suka a ciki. Namu yana nan, sai dai ya cije.

Harsashi biyar take ɗauka, mai awon milimita 7.5×54 (kauri da tsawo), kuma ba ta da makullin da ke hana kunamarta tashi bisa kuskure, abin da ya sa na hana yara kusantar ɗakin. Ban yi gangancin gwada ta ba. Yayana ya ce mako mai zuwa za mu sanar da jandarma, a san matsayinta a hukumance.