Tsofaffin Babura da Har Yanzu Nake Kewarsu

Babur ɗin da na fara koyon tuƙi a kansa Honda Super Cub ne, wanda kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara ƙerawa a shekarar 1958, kuma zuwa 2017 adadin waɗanda aka ƙera ya haura miliyan 100. Ba shi da hannun kulochi, da ƙafa kawai ake sauya giya, shi ya sa ko ɗan koyo ba ya jin tsoronsa. Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin injinsa, domin idan ya ƙi tashi, sau da yawa goge fulogi ko wanke kafireta ya wadatar, mutum ya gyara abinsa da hannunsa.

Na san masu sha'awar gudu sun fi yabon babban babur ɗin Honda CB750 na 1969, mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, wanda ya girgiza kasuwar baburan Ingila irin su Triumph. Sun yi gaskiya, amma ni zuciyata tana wurin ƙaramin babur mai juriya. Baburan yau sun fi ƙarancin hayaƙi, sai dai na'urorin lantarkinsu sun raba mai babur da sanin cikin injinsa, kuma wannan rashi yana damuna ƙwarai.