Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dankalin Turawa a Tsakar Gida

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a lokacin da zama ya ɗauke ni daga gonakin Bokkos ya sauke ni a Zariya. Wannan makon zan jingine labarin kaina, domin abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san yadda ake noman dankalin Turawa, wanda 'yan kasuwa ke kira Arish, a ƙasa mai zafi, a gidan da babu gona sai buhu.

Yawancin masu gwadawa a wajen zaɓen lokacin shuka suke faɗuwa. Dankalin nan ɗan sanyi ne. Ganyensa yana jure rana, amma 'ya'yan ba sa ƙulluwa da kyau sai dare ya yi sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20. Idan ƙasa ta ɗumama ta doshi digiri 30, shuka za ta yi ta ganye shar, ranar haƙa a tarar da saiwa zalla. Shi ya sa Filato, mai tudun da ya haura mita 1,200, ke noma shi da damina: a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ana shukawa a Afrilu ko Mayu, a haƙe a Yuli da Agusta. Mutumin Zariya ko Kano ko Maraɗi ba shi da wannan gatan, damarsa ɗaya ce a shekara, wato hunturu. Ya shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, yadda ƙulla 'ya'ya zai faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, ya haƙe a Fabrairu kafin bazara ta kunno kai. Wanda Janairu ya riske shi bai shuka ba, ya haƙura sai baɗi.

Sai iri. Da ɗan dankalin kansa ake shukawa, ba da yaɗo ba irin na dankalin Hausa. Sabon haƙa kuwa barci yake yi na wata biyu zuwa uku, ko an binne shi ba zai tsiro ba, sai dai ya ruɓe. Sa'ar da aka yi, abin da Filato ta haƙe a Agusta yana farkawa daidai lokacin shukar hunturu. A nemi nau'in dankalin da ake kira Nicola ko Marabel ko Diamant daga hannun manomin da aka yarda da shi. A zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai tauri, marar tabo. A baza shi a faranti ko kwali a inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa, har idanunsa su fitar da tsiro gajere mai kauri, kore ko ruwan hoda, tsawon santimita 1 zuwa 2. Wanda aka ɓoye a duhu dogon farin tsiro yake yi mai karyewa da an taɓa. Idan tsiro ɗaya tal ya fito a kai, a ɓalle shi, sauran idanun za su buɗe, kuma yawan kara shi ne yawan 'ya'ya.

Ni ba na goyon bayan yanka iri a ƙasarmu. Wuƙa tana ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan, yankakken wuri kuma saurin ruɓa yake a ƙasa mai ɗumi. In ya zama dole, kowane yanki ya tashi da ido biyu, a bar shi kwana biyu a inuwa ya yi ɓawo. Amma a sadaukar da biyu ko uku daga cikin irin don dubawa: a raba tsakiya, in an ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, aka matsa kuma wani farin ruwa mai yauƙi ya tsattsafo, wannan irin yana ɗauke da cutar yaushi. A dafa masu kyaun ciki a ci, a nemi wani iri.

Buhun shinkafa mai cin kilo 50 ya wadatar, kuma fari ya fi baƙin bokitin roba, wanda ke tara zafi ya dafa saiwa. A huda gindinsa wuri goma ko fiye, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a ɗora shi a kan bulo ko katako don ruwa ya tsiyaye, kada ya zauna kan siminti. Wurin da ya fi shi ne gabashin katanga: ranar safe ta same shi awa shida, ta la'asar kuma katanga ta tare. Ƙasar da za a zuba, kashi biyu jigawa mai laushi, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe sarai har ya daina wari. In ƙasar unguwarku laka ce, a ƙara kashi ɗaya na rairayi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. Kada kuma a ɗebo ƙasa daga inda aka yi tumatir, tattasai, attaruhu ko gauta, domin dangi ɗaya ne da dankalin, cutarsu ɗaya. Masu son zuba toka su rage hannu, yawanta na sa fatar dankali ta yi ƙazuwa.

A zuba ƙasa santimita 15, a jera iri biyu, uku in buhun mai faɗi ne, tsiro yana kallon sama, a rufe da santimita 10, a ba shi ruwa. Cikin mako biyu zuwa uku zai leƙo. Mai ɗan fili a bayan ɗaki ya yi kunya, tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 30 tsakanin iri da iri.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci bayan tsiro shi ne tara ƙasa a gindi. 'Ya'yan suna fitowa ne daga ɓangaren karan da ke binne, a saman irin da aka shuka, don haka kullum neman hanyar waje suke. Idan shuka ta kai taƙi ɗaya, a warware bakin buhu, a ƙara ƙasa har sai ganyen sama kaɗai ya rage. A lokacin ne ake sa takin zamani NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo biyu ga kowane gindi, a zagaye nesa da kara. Bayan mako biyu ko uku a sake ƙarin ƙasa, shi ke nan. Akwai masu cewa a yi ta cikawa har bakin buhu, wai dankali zai yi hawa-hawa. Ba ya yi. A wuri ɗaya yake tara 'ya'yansa, binne ganyen da ke ciyar da su kuma hasara ce. Haka masu ɗura Urea don ganin kore, ganye suke saya da kuɗinsu. Duk ɗan da ya leƙo rana ta taɓa shi zai koma kore, ya yi ɗaci, kuma wannan koren guba ne. Haka 'yan ƙwallayen da ke fitowa bayan fure masu kama da ɗanyen tumatir, a tsinke su tun kafin yara su gani.

Iskar hunturu tana busar da buhu da wuri. A tura yatsa cikin ƙasa, in gaɓa biyu sun fito a bushe, a ba da ruwa, galibi duk bayan kwana biyu, da safe, a gindi ba a kan ganye ba. Daga mako na biyar zuwa na goma kada a yi wasa, lokacin 'ya'ya ke cika. In aka bar shi ya sha ƙishi sannan aka malala masa ruwa, dankalin tsagewa yake ko ya fito da ƙulu-ƙulu.

A Filato babbar annoba ita ce cutar ƙunar ganye mai zuwa da hazo da yayyafi, wadda ke baƙanta gona cikin 'yan kwanaki, ana tare ta da feshin maganin Mancozeb tun kafin ta bayyana. Da hunturu a ƙasar Hausa ba ta cika damu ba saboda bushewar iska. Abin dubawa shi ne darɓa, ƙaramin ƙwaron nan da ke taruwa a bayan ganye, mai kawo cutar da ke nannaɗe shi. Ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu yana rage ta. Idan kuma shuka ɗaya ta yi yaushi alhali ƙasarta da danshi, a yanko karanta daga gindi a tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau, kada a motsa. Cikin 'yan mintuna, in an ga wani farin zare yana saukowa daga yankan kamar hayaƙi, cutar yaushi ce. Ba ta da magani. A fitar da buhun da ƙasarsa gaba ɗaya, kada a zuba a kan juji inda za a sake ɗiba.

Wajen kwana 90 zuwa 100 ganye zai soma rawaya yana kwanciya. A daina ban ruwa, a yanke kara daga gindi, a bar buhun kwana 10 zuwa 14 don fata ta yi ƙwari. A tono ɗaya a murza da babban yatsa, in fatar ba ta saluɓe ba ya isa. A kifar da buhun da sassafe a tsince da hannu, kada a wanke, kada a bari a rana, a shanya a inuwa ƙasar jikinsa ta bushe. Buhun da aka kula da shi yakan ba da kilo ɗaya zuwa biyu, don haka mai son abin da zai kai iyali wata guda ya tanadi buhu goma ko fiye tun farko. Dankalin da ya ji ciwo wajen tono shi za a fara dafawa, ba ya ajiyuwa.

Sauran yadda ake ajiya a ɗaki da zafin Maris, da dalilin da ya sa irin da aka ɗiba daga buhun gida ke raguwa duk shekara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.