Imel na ƙarshe

Jiya bayan la'asar na zauna gindin darbejiyar ƙofar sito a Maigatari, nan ne kaɗai sabis ke kamawa, na rubuta wa kamfanoni uku na Legas imel na ƙarshe. Tun kaka na aika musu samfurin riɗi, fari tas, an sheƙe shi, ba tsakuwa. Shiru kake ji.

Sau biyu na goge "ku taimaka", don ba bara nake yi ba. Na rubuta: "Ranku ya daɗe, buhu 200 na nan har kasuwar Alhamis. In ban ji ku ba, zan sallama wa dillalai. Allah ya bar zumunci."

Wallahi da ƙyar na danna. Amma masu riɗin nan suna jiran kuɗin takin noman rani.