Sabon sefti a fistol: magagari kaɗan, gwaji da yawa

Kafin komai, wannan aiki ne na mai gyaran makamai da hukuma ta ɗora a kansa. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin bindigogin da aka haramta wa farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa, gyaran bindiga ma ba a yinsa sai da izini. A nan Zariya, inda Depot na sojoji yake tun 1924, masu irin wannan sana'a suna cikin bariki ne, ba a rumfar maƙera ba. Da su nake magana.

Abin da ake kira sefti na babban yatsa shi ne ɗan ƙarfen nan da ke gefen hagu a saman ƙota. Ka tura shi sama bindiga ta kulle, ka danne shi ƙasa ta shirya tashi. Zan ɗauki M1911 ta John Browning a matsayin misali, don a kanta aka fi sauya shi. Na asalin ƙarami ne, yatsa na zamewa a kansa idan hannu ya yi gumi, bahago kuma ba ya kai wa gare shi. Shi ya sa ake neman mai faɗi ko mai fuska biyu.

Kuskuren farko shi ne zaton ana cire tsohon a zura sabo kamar batir. A bayan seftin akwai wani ɗan tudu da ke shiga cikin gangar jikin bindigar. Idan an ɗana guduma, wato ƙarfen baya da ke faɗawa bindiga ta tashi, wani ƙaramin ƙarfe da ake kira siya ne ke riƙe da ita a haƙoranta, zurfin haƙoran nan kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Aikin tudun shi ne ya tokare siya daga baya ta yadda ko an ja kunama ba za ta motsa ba. Kamfanoni da gangan suke barin nama a kan tudun, saboda siyar kowace bindiga da irin cinta. Kai ne za ka rage shi ya dace da wannan bindigar ita kaɗai.

Kafin ka fara, cire gidan harsashi, ja murfin sama baya, duba ramin da harsashi ke zama da ido, sa yatsa ka taɓa. Harsashi ya bar ɗakin gaba ɗaya. Bayan ka sauke murfin, ɗana guduma, ka kai tsohon seftin tsakiya, ba sama ba ba ƙasa ba, ka riƙa girgiza shi kana ja waje. Sa tafin hannu a gaban ɗan bututun da ke kusa, don akwai sifirin a ciki da zai yi tsalle, kuma in ya faɗi a ƙasan siminti sai dai ka yi ta shara.

Fara gwada sabon a gangar da babu komai cikinta. Ya shige ya kwanta lif, yana hawa yana sauka ba tare da gogar jiki ba? In ya cije a nan, matsalar ƙusarsa ce ko bakin tagar da tudun ke shiga, ba ruwan siya. Sai ka mayar da siya da guduma da sauran kayan ciki, amma ka bar seftin ƙota, wato wanda tafin hannu ke dannawa a bayan ƙota, a waje. Gurbinsa ne tagar da za ka leƙa ta baya da tocila ka ga inda tudu ke karo da siya.

Nan ne ake ɓata kaya. Shafa baƙar maka a fuskar tudun, ɗana guduma, tura seftin har ya tsaya, ka fito da shi. Inda baƙin ya goge, nan kaɗai za a ci. Ƙaramin magagari mai laushin haƙori, shafa biyu ko uku, ka bi kusurwar da kamfani ya yanka, kada ka dunƙule bakin. Goge, sake shafa maka, sake gwadawa. Yin haka sau goma sha biyar ko ashirin ba abin kunya ba ne. Injin gurza ƙarfe ba shi da wuri a wannan tebur, daƙiƙa ɗaya ta ishe shi cinye abin da ba zai dawo ba. Kada kuma ka taɓa siya da magagari don sefti ya shiga. Da zarar ya fara hawa da ɗan tauri, ajiye magagari ka koma dutsen washi mai laushi.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na kunne. Haɗa bindigar duka, babu harsashi, baki na fuskantar inda ba kowa. Ɗana guduma, sa sefti, riƙe ƙota sosai ka ja kunama da ƙarfi, ka saki. Yanzu sauke sefti. Idan guduma ta faɗi, wannan bindiga ba ta fita daga ɗakin. Idan ba ta faɗi ba, kai ta kusa da kunne a wuri shiru, ka ja gudumar baya a hankali da yatsa. Ka ji "ƙis"? Siya ce ta koma mazauninta, ma'ana ta motsa lokacin da ya kamata a ce tana kulle. An ci tudun ya wuce. Wasu kan bubbuga shi ya baje, ko su ɗiga walda su sake yanka. A ganina sayen wani ya fi, domin ƙarfen da aka baje da bugu yana sake lotsewa, mai ɗauke da bindigar kuwa ya riga ya amince da seftinsa.

Sauran matsalolin ba su kai wannan haɗari ba. Sefti mai laɓo-laɓo, wanda ba ya ƙara idan ya hau ko ya sauka, yawanci ramin da kan fin ɗin sifirin ke faɗawa ne bai yi zurfi ba, ko sifirin ya gaji, ko bututun ya fara girgiɗi a jikin gangar. Da hunturu akwai dalili na huɗu: ƙura ta haɗu da mai ta zama kunu a cikin bututun. Wanke shi kafin ka zargi ƙarfe. In seftin ya ƙi sauka har ƙasa, duba marfin ƙota, sau da yawa katakon ne ke tare faffaɗan kan, ɗan fiƙe shi ya wadatar. In kuma seftin ƙota ya daina dawowa da kansa, ƙusar sabon ta yi masa kauri, tunda a kanta yake juyawa.

Mai fuska biyu yana da nasa ciwon. Ƙusarsa biyu ce da ke haɗuwa a tsakiya kamar harshe da tsaga, da amfani tsagar kan buɗe, ɓangaren dama ya riƙa motsi ba tare da ya ɗaga na hagu sosai ba. Ɓangaren daman kuma yana kwana a waje idan bindiga na cikin kube a ƙugun dama, bel ɗin mota ko gefen kujera na iya sauke shi ba a sani ba. In mai bindigar ba bahago ba ne, ban ga amfanin sa masa ba.

Browning Hi-Power ta 1935, wadda aka sani a barikokinmu, dabarar ɗaya ce amma da bambanci. Ƙusar seftinta ita ce ginshiƙin guduma, sifirin ɗin kuma a cikin seftin kansa yake. Ba ta tashi idan babu gidan harsashi, don haka sai ka zura wanda babu komai ciki kafin gwajin kunama, in ba haka ba za ka yi zaton sefti ne ya riƙe alhali bai yi komai ba.

Duk ranar da aka sauya siya ko guduma, gwajin kunne ya koma farko. A filin harbi kuma a fara da harsashi ɗaya a gida, sannan biyu, kafin a cika.