Muryoyi 40, babu ganga babu molo

Daren jiya da aka ɗauke wuta, na kwanta ina sauraron Spem in alium, waƙar coci da Thomas Tallis na Ingila ya tsara tun ƙarni na 16. Muryoyi 40 ne, rukuni takwas na mutum biyar-biyar, ba kayan kiɗa ko ɗaya. Murya guda ce ke farawa, siririya, sauran su riƙa shigowa a hankali, kowa da hanyarsa, amma ba mai take wani. Da harshen Latin ake rera ta, ni kuwa ko "zo in kashe ka" ban sani ba. Can kusa da ƙarshe duk suka yi tsit, sannan suka ɓarke gaba ɗaya. Sai da tsigar jikina ta tashi. Sau uku na maimaita kafin cajin wayata ya ƙare.